Gishiri, Olsa da Tukunyar Miya: Abincinmu da Ciwon Dajin Tumbi

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Gubi da Firo da sauran ƙauyukan bakin dam, masunta da masu noman rani, da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke mazaunin Gubi, da kuma iyayenmu mata da ke jin mu yanzu haka suna gaban murhu. Iyaye mata, ku ɗan ƙara sautin rediyon, domin rabin zancen yau a tukunyarku zai ƙare.

Batunmu shi ne ciwon dajin tumbi, wato kansar da ke tsira a jikin jakar nan da abinci ke sauka bayan mun haɗiye shi, da yadda cimarmu ke ƙara haɗarinsa ko ta rage shi.

Ba ƙaramin ciwo ba ne. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kusan mutum 970,000 ne suka kamu da shi, kimanin 660,000 kuma suka rasu. Amma bai bazu daidai a ko'ina ba. Ya fi yawa a Japan da Koriya da Mongoliya da wasu sassan ƙasar Sin. Wannan bambanci ne ya fara jan hankalin masu bincike zuwa ga kwanon abinci. Sun bi Japanawan da suka yi ƙaura zuwa tsibirin Hawai na Amurka, sai suka ga iyayen sun tafi da haɗarin a jikinsu, amma a cikin 'ya'ya da jikokin da suka tashi da cimar can, ciwon ya ragu. Jininsu bai sauya ba. Tukunya da yanayin zama ne suka sauya.

Amurka ita kanta shaida ce. A shekarun 1930 babu ciwon dajin da ya kai wannan kashe mutane a can, yau kuwa ya koma can baya, ba tare da an ƙirƙiro wani maganin rigakafi ba. Firij ya shiga gidaje, mutane suka daina dogaro da naman da aka dama da gishiri ko aka kyafe don kada ya lalace, ganye da 'ya'yan itace suka samu rani da damina, ruwan sha kuma ya tsabtata.

To, kafin mu shiga madafa, akwai wata ƙwayar cuta da dole mu san ta, domin in ba a san ta ba zancen abinci ba zai zauna ba. Sunanta Helikobakta. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa akwai ƙwayar cutar da ke iya zama a cikin tumbi duk da tsamin da ke wurin, kuma ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, wato olsa. Manyan likitocin lokacin ba su yarda ba. A 1984 Marshall ya kaɗa ƙwayoyin a ruwa ya shanye, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura ya kama amai. A 1994 hukumar nan ta Liyon ta sa Helikobakta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, a 2005 kuma likitocin biyu suka karɓi lambar yabo ta Nobel.

Galibi tun ana yara ake ɗaukar ta, ta hanyar yawu, ko hannun da ba a wanke ba bayan an fito daga bayi, ko ruwan da ƙazanta ta shiga. Ana kuma zargin al'adar nan ta tauna wa jariri abinci a ba shi baki da baki. In ta shiga, zama take yi har tsufa, sai dai in an kashe ta da magani.

Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. A farkon shekarun 1990 wani likitan tiyata mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, shi da abokan aikinsa suka gwada jinin mutane a yankin, suka samu kusan 85 cikin kowane 100 suna ɗauke da alamar wannan ƙwaya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, da irin wannan yawa, ya kamata asibitoci su cika da masu ciwon dajin tumbi, amma ba su cika ba. A 1992 ya wallafa rubutu a kan haka, har abin ya shahara a matsayin wani abin mamaki na nahiyar Afirka. Tun daga lokacin masana ke kawo dalilai. Wasu suka ce irin ƙwayar da ke nan ba ta kai ta gabashin Asiya muni ba. Wasu suka ce tsutsar ciki da yaranmu ke fama da ita tana sauya yadda jiki ke faɗa da ƙwayar. Wasu suka ce cimarmu ta gargajiya ce, gero da dawa da ganye, wadda ba ta da gishiri irin na kifin Japanawa. Wasu kuwa suka ce a'a, ciwon yana nan, ganin sa ne ba a yi, saboda ƙarancin na'urar leƙa ciki da ƙarancin rajistar masu ciwon daji.

Ni dai a ganina kada mu kwanta a kan wannan labari mu ce mun tsira. Dukanmu mun san dattijon da ya yi shekara yana ramewa, ana cewa olsa ce, wasu na cewa sammu ne, har Allah ya karɓi abinsa a gida, babu asibitin da ya rubuta sunan ciwonsa. Sannan in har cimar gargajiya ce ta taimaka mana, to ai cimar tana sauyawa a gaban idonmu.

Kada kuma hankali ya tashi. Cikin mutum 100 masu ɗauke da ƙwayar, ɗaya zuwa uku ne kawai abin ke kai su ga ciwon daji, kuma ba dare ɗaya ba. Wani masani ɗan ƙasar Kolombiya, Pelayo Correa, ya bayyana matakan: da fari kumburi mai daɗewa, sai fatar cikin tumbi ta sirance, sai ƙwayoyin halittar wurin su fara sauya kama, can bayan shekaru ashirin ko talatin ko fiye sai daji ya iya tsira. A tsawon wannan tafiya ne abinci ke yin tasirinsa, ko dai ya hanzarta ta ko ya rage mata gudu. Babban mai hanzarta ta kuwa, wanda hujja ta fi ƙarfi a kansa, shi ne gishiri.

Mu shiga madafa mu gani. Uwargida za ta yi miyar busasshiyar kuɓewa. Ta ɗora ruwa, ta zuba kyafaffen kifi, ta daka daddawa da barkono ta zuba. Ta ɗebi gishiri da hannu, babu awo. Ta ɓare magi, ɗaya, biyu, uku, wata ma har biyar. Ta ɗan barbaɗa farin magi. Kafin ta kaɗa kuɓewar ta jefa 'yar kanwa don miya ta yi yauƙi. Ta ɗiga a tafin hannu ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri kaɗan. Aka kai wa maigida, shi kuma kafin ya kai loma ta farko ya jawo kwalbar yaji ya zazzaga, yajin da shi ma da gishiri da magi aka daka shi. In ka tambayi mutanen gidan, za su ce maka sau ɗaya aka sa gishiri. Alhali sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri ya shiga kwanon nan ta ƙofa biyar ko shida, domin kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, farin magi da kanwa kuma kowanne na ɗauke da nasa sodiyam ɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafin duk abin da ya ci ne daga safe zuwa dare. Na san wata za ta ce ai tukunyar ta mutum goma ce. Gaskiyarki, Hajiya. Amma ki haɗa da ɗanwaken safe da yajinsa, da awarar da aka saya a ƙofar gida aka barbaɗe ta da yaji, da shinkafa da wake na rana, da tsiren dare. Ku kuma ɗalibai, taliyar nan ta minti biyu da kuke ci a wurin mai shayi, ƙullin sinadarin da ke cikinta cike yake da gishiri, kuma na san wasunku sai an ƙara musu dunƙulen magi a kai.

Me gishirin ke yi? Cikin tumbi akwai wata majina mai kauri da Allah ya shimfiɗa don kare naman wurin daga tsami. Kamar yaɓen katangar ƙasa take: muddin yaɓen na nan, ruwan sama zai bi ta kai ya wuce, in ya zube kuwa, kowace damina sai ta ci ginin. Gishiri mai yawa yana lalata wannan kariya, ya bar naman a buɗe, Helikobakta ta ƙara samun wurin zama, kumburin ya ƙaru. Shi ya sa haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haɗa biyun, ga ƙwayar ga yawan gishiri. Kuma ba a Asiya kaɗai aka ga haka ba. Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda ya bi mutum sama da 470,000 a Birtaniya na kimanin shekara 11, ya nuna cewa masu al'adar ƙara gishiri a kan abinci kullum bayan an zuba musu sun fi waɗanda ba sa yi haɗarin kamuwa da kimanin kashi 40 cikin 100.

Rage gishiri ba sai an yi wa gida juyin mulki ba. In kina sa magi huɗu, ki koma uku na 'yan makonni, sannan biyu. Harshe yana sabawa, har ta kai abincin da ake yi a da ya zama ya yi muku gishiri. Ki ba daddawa haƙƙinta, ki ƙara albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kimba, ki ɗan matsa lemon tsami a inda ya dace. Kakanninmu da waɗannan suka yi girki kafin dunƙule ya zo, kuma babu wanda ya ce miyarsu ba ta da daɗi. A daka yaji da ƙarancin gishiri. Amma gishirin da za a saya ya kasance mai sinadarin ayodin, saboda kariya daga maƙoƙo, ba a ce a daina shi gaba ɗaya ba.

Sai ku magidanta, ku saurare ni da kyau. Yawancin matan nan ba don son ransu suke cika magi ba, tsoron kalma ɗaya suke yi, kada a ce miyarsu ta yi lami, musamman inda akwai abokiyar zama. Alhaji, in ka ture kwano yau don gishiri ya yi kaɗan, gobe za a ninka maka, kuma hawan jininka ma zai shaida. Kai ne ya kamata ka fara cewa a rage.

Mu koma bakin dam. Masuntan Gubi na fito da tarwaɗa da karfasa, abin da ba a sayar ɗanye ba sai a kyafe shi, domin babu wutar da za a dogara da ita a sa a firij. Adalci shi ne a ce bandarmu ba ɗaya take da kifin gabashin Asiya da ake binnewa cikin gishiri wata da watanni ba, kuma hujjar da ake da ita a kan hayaƙi da gashi ba ta kai ta gishiri ƙarfi ba. Duk da haka, hayaƙi na ɗauke da sinadaran da aka san suna jawo daji, kuma sun fi taruwa inda kitse ke ɗiga a kan harshen wuta, da inda nama ya ƙone ya yi baƙi. Mafi muni shi ne hura wutar banda ko ta gashi da leda ko roba, ko babbake ganda da tayar mota. Wannan kam babu uzuri a cikinsa. A 2015 hukumar Liyon ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadaran adanawa cikin masu jawo daji, mafi yawan hujjar a kan babban hanji, tare da alamar cewa tumbi ma bai tsira ba. Saboda haka ban ce a ƙaurace wa tsire da kilishi ba, mu da muka san darajarsu. Kada dai su zama na kowane dare. A yanke wurin da ya ƙone a yar. A jiƙa banda a ruwan zafi a wanke kafin a zuba a miya. Wanda yake kusa da dam kuwa ya riƙa sayen ɗanyen kifi ya yi farfesu, ni'ima ce da na cikin gari ke nema da kuɗi. Albasa da tumatir da kabejin da mai tsire ke yanka muku a gefen takarda kuma ba ado ba ne, ku cinye su.

Dalili shi ne bitamin C. A cikin tumbi, musamman wanda ya daɗe da kumburi, wasu sinadaran abinci kan haɗu su zama wata guba mai suna naitirosamin, bitamin C kuwa yana tare wannan haɗuwa. Ita kuma Helikobakta rage yawan bitamin ɗin take yi a ruwan tumbi. Bincike da dama sun nuna cewa masu ƙarancin cin 'ya'yan itace sun fi shiga haɗari.

An gwada abin a aikace a wata gunduma mai suna Linqu da ke lardin Shandong na ƙasar Sin, inda ciwon ya yi katutu. A 1995 aka ɗauki mutum 3,365, wasu aka ba su maganin kashe Helikobakta na mako biyu, wasu bitamin C da E da sinadarin seleniyam na kimanin shekara 7, wasu sinadarin tafarnuwa. Aka bi su shekara 22, aka wallafa sakamakon a 2019. Maganin mako biyun nan ya rage kamuwa da ciwon da kusan rabi. Bitamin ɗin ma ya rage, tafarnuwa kuma ta rage yawan mace-mace. Sai dai a lura, mutanen yankin dama suna da ƙarancin waɗannan sinadarai a cimarsu, shi ya sa ƙarin ya yi musu amfani. Ba dalili ba ne na zuwa kemis a kwashi ƙwayoyin bitamin, balle a saurari mai lasifika a kasuwa da ke cewa garinsa na wanke ciwon daji. Babu wani ganye ko gari da ke warkar da dajin da ya riga ya kama.

Mu a Bauchi ai a bishiya bitamin ɗinmu yake. Da bazara mangwaro har ruɓewa yake yi a ƙasa. Ga gwaiba, wadda ta fi lemo yawan bitamin C. Ga gwanda, ga lemon zaƙi da ake saukewa a kasuwar Muda Lawal, ga garin 'ya'yan kuka. Masu lambu a gefen Gubi na fitar da tumatir da tattasai da latas da alayyafo duk rani. Matsalar ita ce mun mayar da 'ya'yan itace abin kai wa marar lafiya dubiya, ko abin buɗa baki da azumi, daga nan sai wata shekarar. Kuma a sani, doguwar dahuwa tana kashe bitamin C, kanwa ma tana kashe shi, kauɗar tumatir da aka shanya a rana kuma ta rasa mafi yawan nata. Don haka a samu wani abu ɗanye a rana, ko gwaiba ɗaya ce, a wanke da ruwa mai tsabta. Na san halin da ake ciki na tsadar rayuwa. Amma kuɗin dunƙule biyun da aka rage kullum, in aka tara su, za su sayi wani abu.

Taba sigari da shisha na ƙara haɗarin wannan ciwo, haka yawan shan giya ko burkutu, haka ƙiba mai yawa, wadda ta fi shafar saman tumbi.

Saura maganar olsa, wadda ita ce ta fi damuna. A garin nan kowa likitan olsar kansa ne. Ƙirji ya yi zafi, sai a aiki yaro kemis ya sayo farin ruwan magani ko ƙwaya, a sha a ji sauƙi, bayan mako biyu a sake. Wani ya shekara goma a haka. Ana ɗora laifin a kan yunwa da yaji, alhali su tayar da zafin kawai suke yi. Tushen yawancin olsa shi ne Helikobakta, sai kuma magungunan ciwon jiki da masu aikin ƙarfi ke sha ba ƙa'ida. Gano ƙwayar ba shi da wahala, ana yi ta gwajin bayan gida ko na numfashi. Ka dai gaya wa likita irin maganin olsar da kake sha, domin wasunsu na ɓoye ƙwayar a gwaji, sai an dakatar da su na mako biyu. In an same ta, magani ne na kwana 10 zuwa 14, haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da mai rage tsamin ciki. A shanye shi duka yadda aka rubuta. Wanda ya sha na kwana uku ya ajiye don ya ji sauƙi, ƙwayar kawai ya koya wa jure magani.

A Koriya ta Kudu, duk wanda ya kai shekara 40 ana gayyatar sa gwajin tumbi bayan kowace shekara biyu, shi ya sa suke kama ciwon tun yana ƙarami, a cire shi mutum ya ci gaba da rayuwarsa. Mu ba mu da wannan tsari, saboda haka alamomi ne abin lurarmu. Ramewa ba dalili. Ƙoshi da loma kaɗan. Abinci na tsayawa a ƙirji. Amai mai maimaituwa, ko amai da jini. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Ƙarancin jini da kasala. Ko kuma ciwon ciki da ya fara sabo ga wanda ya haura shekara 40, ya ƙi jin magani.

Baba, Inna, Yaya, in ɗaya daga cikin waɗannan ya same ku, ko kun gan shi a jikin wani na gida, don Allah kada a sake aika yaro kemis. A je asibiti mafi kusa a cikin makon nan, a faɗa wa likita komai, a nemi ya tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko wani babban asibiti don a leƙa cikin da na'ura. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.